Mu Uku Gashi Ke Zube Mana a Gida Ɗaya, Ko Jifa Ne?

Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Jega:

"Anti, barka da aiki. Shekarata 27, ɗiyana biyu, ƙaramar watanta huɗu. Tun da ta shiga wata uku gashina ke zuba. Ranar da na tsefe kai na ga abin da ya fito a mataji sai da na yi kuka. Dama gaban goshina ya daɗe da cinyewa, yanzu ko gaban maigida ba ni cire ɗankwali. Shi ma tsakiyar kanshi ta fara haske. Sai ga yarona mai shekara 6, wuri biyu a kanshi gashi ya kakkarye, da fari-fari kamar toka. Innar mijina ta ce mutum uku gida ɗaya ba banza ba, hannu aka sa muna. Na sayi mai kala huɗu wurin masu talla a WhatsApp, ban ga komi ba. Bikin ƙanwata na nan bayan Sallah, ina son in sa ƙarin gashi in rufe. Mi ya kamata in yi?"

Ƙanwata, sannu da jego, Allah ya raya mana. Kai uku kika lissafa, ni kuwa da na karanta sau biyu ciwo huɗu na ƙirga, don ke kaɗai biyu gare ki. Babu wanda ya haifi wani a cikinsu, haɗuwa kawai suka yi a gida ɗaya a lokaci ɗaya. Ban ga laifin Inna ba da hankalinta ya tashi, amma ki leƙa gida goma a layinku. Da wuya ki rasa mai jego, da magidanci mai sanƙo, da yaro mai makero.

Da yaron zan fara, don nasa ne ba ya jira. Wuri zagaye, gashi ya karye ya bar guntu-guntu, ga farin ɓawo kamar an barbaɗa toka, wannan kamannin makero ne. Ƙwayar cutar dangin funfuna ce, irin wadda ke fitowa a burodin da ya kwana biyu a leda. Yara na ɗaukarta a kilifar mai aski, a mataji, a hula, a matashin kai, wajen haɗa kai a wasa ko a makarantar allo, wani lokaci ma daga kyanwa. Cikin duk abin da ke gidanku shi kaɗai ake ɗauka, kuma ga jaririya a ɗaki.

Inda iyaye ke ɓata lokaci shi ne shafe-shafe. Ƙwayar tana shiga cikin silin gashin ne har can ƙasa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Sai maganin sha. Wanda aka fi bayarwa shi ne griseofulvin, ana sha kullum tsawon mako 6 zuwa 8, kuma da nauyin yaro ake auna shi, shi ya sa ba na son ki aika a sayo a kemis da ka. A kai shi asibiti a ɗora shi a sikeli. A riƙa ba shi da abu mai maiƙo, madara ko kunun gyaɗa, ya fi shiga jiki. Wani likitan terbinafine zai rubuta, shi ma daidai ne. Sabulun wanke kai mai ketoconazole sau biyu a mako yana rage yaɗuwa, amma ba ya maye gurbin na sha. Za ki ga wurin ya yi kyau tun kafin maganin ya ƙare. Kada ki tsaya, a nan ne yake dawowa. A wanke hulunansa da rigar matashinsa da ruwan zafi, a ware masa mataji, in da hali Babansa ya sayi kilifa ta gida. Kuma don girman Allah kada wani ya kawo miki shawarar man birki ko ruwan batir ko dakakkiyar tafarnuwa. Ƙona fata suke yi, inda suka ƙona kuwa gashi ya yi sallama da shi. Idan wurin ya kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya, ga kaluluwa a bayan wuya, ba na wanzami ba ne, kada a tsaga, a tafi asibiti a ranar.

To, mu dawo kanki. Na farkon ciwon naki, wato zubar da ta fara da yarinya ta shiga wata uku, ki kwantar da hankalinki a kansa. Kan mutum na ɗauke da gashi wajen 100,000, kowane sili da lokacinsa. Yana shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kamar santimita 1 a wata, sai ya huta wajen wata uku, ya faɗi, sabo ya fito daga ramin. Mai cikakkiyar lafiya ma yana zubar da 50 zuwa 100 kullum bai sani ba. Lokacin goyon ciki sinadarin mata da ake kira istirojin yana yawaita a jini, sai ya riƙe gashin da ya kamata ya faɗi. Shi ya sa masu ciki da yawa kansu ke cika. Ana haihuwa sinadarin ya sauka, duk wanda aka riƙe ya shiga hutu tare, bayan wata uku ya zube tare. Kamar shinkafar fadama ce, wadda aka dasa rana ɗaya ai tare za ta nuna. Gashin wata tara ne ya taru yake fita.

Ki ƙara da lissafin kitso. Gashin da ya saki tushe a cikin kitso ba shi da hanyar faɗuwa, yana nan a maƙale sai ranar tsifa. In kitso ya yi mako uku a kai, kwana 21 ke nan, ko ba jego za ki tarar da sili 1,000 zuwa 2,000 a mataji. Namu gashin kuma mai nannaɗewa ne, kaɗan ma sai ya yi tuli a hannu ya ba mutum tsoro.

Ga abin da nake so ki yi in kin sake tajewa. Ki shimfiɗa farin ƙyalle, ki zaro sili goma ki duba a hasken rana. Wanda yake da tsawo da ɗan farin ɗigo a gindinsa, wannan lokacinsa ne ya yi, raminsa na nan da rai. Wanda yake gajere, babu ɗigo, bakinsa a tsage, wannan karyewa ya yi a hanya, laifin bushewa ne ko rilaksa ko taje kai da ƙarfi. Mata da yawa da ke kukan zubar gashi, karyewa ce ke damunsu.

Irin wannan zubar takan tsaya da kanta, yawanci kafin yaro ya cika shekara kai ya koma yadda yake. Haka take yi wa wanda ya tashi daga taifod ko zazzaɓi mai tsanani, ko aka yi wa tiyata, ko ya rame da sauri, ko ya ga tashin hankali irin wanda mutanen ƙauyukanmu ke gani a shekarun nan. Wata biyu ko uku bayan abin ya wuce sai gashi ya fara bin mataji, lokacin mutum ya manta da dalilin. Shayarwa ba ta cikin masu laifi, kada wata ta sa ki yaye yarinya.

Abin da ke hana ta tsayawa a kan lokaci shi ne ƙarancin jini, kuma a ƙasarmu wannan ba baƙo ba ne ga mai haihuwa. Ba ki faɗa mini ko kin zubar da jini da yawa ba, ko kin ci gaba da shan maganin ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo. Mafi yawanmu ranar suna muke ajiye shi. In kina jin jiri, kasala, bugun zuciya, ko kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara, ranar da za a kai yaro ke ma ki miƙa hannu a ɗibi jini. A duba PCV, wato awon yawan jini, in ana yi a wurin a duba feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, don tana iya yin ƙasa alhali PCV bai nuna ba. Ki roƙi a duba sinadarin maƙoshi, wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo, shi ma yakan rikice bayan haihuwa ya zubar da gashi. In kuwa numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ko ƙafa na kumbura, ki manta da zancen gashi, ki tafi asibiti yau.

Abinci kuma ba sai an je nesa ba. Ku da Allah ya ba kifi daga Argungu har Yawuri. Kifi, hanta, ƙwai, wake, zogale, alayyafo. Tuwon shinkafa da miya tsululu safe da dare yana cika ciki, amma gashi nama ne yake so, jini kuma ƙarfe. Ki raba shayi da lokacin cin abinci da na shan maganin jini, yana hana ƙarfen shiga jiki. Lemu ko gwaiba su ne abokan tafiyarsa.

Yanzu ga wanda ya sa na zauna na rubuta miki doguwar amsa: gaban goshin nan da kika ce "dama ya daɗe da cinyewa". Kin faɗe shi a gurguje kamar ba komai ba, alhali shi ne abin tsoron. Na jego zai dawo ko kin yi magani ko ba ki yi ba. Wannan kuwa in aka ci gaba da abin da ya kawo shi, tafiyar ke nan.

Ni mai ba ki shawarar nan, saman kunnena na hagu akwai wuri faɗin yatsa biyu, sumul kamar tafin hannu. Tun ina 'yar firamare ake kai ni wurin wata makitsiya a unguwarmu, gwana ce ta gaske, layi ake yi mata ranar jajibiri. Za ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta tsaga da kibiya, ta lakato man shanu, sannan ta bi 'yan ƙananan gashin bakin goshi ɗaya bayan ɗaya ta tsince su tsaf, ko ɗaya ba ta bari. In na motsa in sha ranƙwashi. In an gama girata a ɗage take, ko dariya ba na iyawa, sujada sai a hankali. Daren nan rubda ciki nake kwana bayan an ba ni Panadol, kwana biyu ƙananan ƙuraje su jeru a bakin tsagar. Kowa na cewa kitso ya kamu, zai yi wata. Babu wanda ya yi da mugunta, haka suka tarar. Amma ƙurajen nan da ciwon kan nan, tushen gashi ne ke kuka.

Abin da ke faruwa shi ne, gashin goshi da na gefen kunne su ne mafi rauni a kai. In ana jansu kullum tushen yana kumbura, gashin da yake fitarwa yana sirancewa, a ƙarshe ramin ya toshe ya zama tabo. Kafin ya toshe, sakin jan kawai ya isa ya dawo da shi cikin watanni. Bayan ya toshe, babu mai, babu ƙwaya, babu allurar da za ta buɗe shi. Don haka ki ɗauki madubi ki fita tsakar gida da hantsi. In kina ganin 'yan ramuka da gashi siri-siri kamar na jariri, akwai sauran rai. In fatar ta yi santsi tana sheƙi kamar ta goshi, wannan yankin ya tafi, sai a ceci na kusa da shi. Sau da yawa za ki ga siririn layin gashi ya rage a can gaba, bayansa fili, sannan sauran gashi. Wannan alama ce ta ja.

Kuma ba kitso kaɗai ke ja ba. Akwai ribom da ake tamke gashi da shi ta baya, da ɗaurin ɗankwali a kan layi ɗaya shekara da shekaru, da hular ƙarƙashin hijabi mai roba, da gam ɗin da ake manna hular gashi da shi. Mafi muni a haɗa rilaksa da ƙananan kitso. Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi da ke karya ƙarfin sili don ya miƙe, a ɗauki wannan raunannen kuma a ɗaure shi tamau. Wadda ba za ta iya bari ba, to kada ta maimaita ƙasa da mako 8, a sabon tsiro kawai, kuma ta ba shi mako biyu kafin kitso. Ke dai a yanzu ki ajiye shi gaba ɗaya. 'Yar jaririyar nan taki ma, in ta isa kitso, ki tuna da saman kunnena.

Akwai iri biyu da ba ki kwatanta ba, amma ki san su. Ɗaya yana farawa daga tsakiyar kan mace yana faɗaɗa, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi ko tsami in an taɓa. Ya fi kama mata baƙar fata, kuma tabo yake bari, saboda haka gaggawa yake so. Ɗayan kuwa mutum zai wayi gari ya ga wuri zagaye kamar kwabo, sumul, ba ɓawo ba ƙaiƙayi, kamar an aske da reza. Shi ya fi sa mutane zargin jifa. Garkuwar jiki ce ke kuskure ta far wa tushen gashi, sau da yawa yana dawowa da kansa, likita kuma na yin allura a wurin. Irin waɗannan, da goshinki in kin ba shi wata shida bai motsa ba, na likitan fata ne. A nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Mayukanki huɗu fa? Ba na raina man kaɗe, da man kwakwa, da karkashi, da ganyen magarya. Suna sa laushi, suna rage karyewa, a lokacin hunturu da iska ke busar da komai ma dole ne. Iyakar aikinsu ke nan, ba sa ta da tushen da ya mutu. Kasuwar masu talla kuwa a kan masu jego take ci: ki sayi mai a wata na huɗu, gashi ya dawo da kansa a wata na tara, mai ya kwashe yabo, a ɗauki hotonki a yi talla da shi. Duk kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, babu lambar NAFDAC, kada ta taɓa fatar mai shayarwa. Ƙwayoyin biotin da ake yayi su ma ba su da wani amfani ga wanda jikinsa bai rasa shi ba, kuma suna iya rikita sakamakon gwajin maƙoshin da na ce ki yi.

Na shafawa da aka tabbatar yana aiki shi ne minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shansa gashi na fito musu, a 1988 Amurka ta amince a riƙa shafa shi a kai. Akwai mai kashi 2 da mai kashi 5 cikin ɗari. Sai an yi wata 4 zuwa 6 ana shafawa kullum kafin a ga bambanci, a makonnin farko ma zubar kan ƙaru, in ya gangaro fuska kuma gashi ya fito inda ba a so. Yana taimaka wa goshin da bai toshe ba. Amma ba yanzu ba, kina shayarwa, sai abin da likita ya ce.

Maigida kuwa nasa gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Wani sinadari da jiki ke samarwa daga na mazakuta shi ke ƙanƙantar da tushen gashin gaba da tsakiya, ya bar na ƙeya. Hula ba ta kawo shi, ke ma ba ki shafa masa ba. In abin na damunsa akwai minoxidil mai kashi 5, akwai ƙwayar finasteride miligiram 1 da aka amince da ita tun 1997. Dukansu ranar da aka daina, cikin watanni sanƙo zai dawo ya karɓi filinsa. Finasteride kuma takan rage wa wasu maza sha'awa, mai ciki ko taɓa fasasshiyar ƙwayar ba a so ta yi, saboda haka ba abin saye a kan tebur ba ne. Masu kuɗi na zuwa Turkiyya a cire musu na ƙeya a dasa a gaba. Ban ji kin ce ya yi ƙorafi ba. In bai yi ba, a bar kaza cikin gashinta, dama ana tsokanar masu sanƙo da cewa alamar arziki ce.

Amma ki cire ɗankwalin nan a gabansa. Mutumin da tsakiyar kansa ke haske ba shi da bakin yi miki dariya, kuma shi zai biya kuɗin gwaji, gara ya ga abin da ake magana a kai. Kan ma yana son iska, musamman bayan wanka. Jiƙaƙƙen kitso a ƙunshe cikin hula da hijabi a zafin Jega amosani kawai yake tarawa.

Inna kuma kada ki yi musu da ita. Azkar na safe da yamma ku riƙe, addu'a ba ta taɓa faɗa da asibiti ba. Ki roƙe ta ta raka ku ranar da za a kai jikanta, ta ji da kunnenta, ki kuma damƙa mata aikin ba shi magani kullum. In kansa ya cike bayan wata biyu, ita da bakinta za ta ba maƙwabta labari. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a fara nuna wani da yatsa a dangi, ko a kwashi kuɗin magani a kai inda za a ce a kawo baƙin bunsuru.

Saura biki. Ƙarin gashi dai a'a. Ko ba a shiga maganar da malamai suka yi a kansa ba, nauyi ne za ki rataya wa tushen da ke neman faɗuwa, kitso da kwarkwata ke nan. Ki yi manyan kalaba guda huɗu ko shida, sakwa-sakwa. Tun kafin makitsiya ta ɗauki kibiya ki ce mata, "Yaya, ki bar mini na gaban nan, kada ki kama shi, in na ji zafi kuma kwancewa za mu yi." Za ta ce ba zai yi kyau ba, ba zai daɗe ba. Ki ce kin ji, mako biyu ma ya isa. Ki sa ɗan ƙyalle mai santsi a ƙasa, ki kafa ɗaurinki a kai, kina sauya inda bakinsa ke zama. A gidan biki ɗauri ake kallo, babu mai ɗaga miki shi.

Yau ki sa maigida ya ɗauki hoton goshinki da waya, gaba da gefe biyu, a tsakar gida. Ku maimaita duk farkon wata a wuri ɗaya, don ido na mantuwa. In yarinya ta fara rarrafe ki turo mini na farko da na ƙarshe, tare da sakamakon jinin.